Rikicin kwashe shara a ƙananan hukumomin Ingila: ina kuɗin ke tafiya?

Assalamu alaikum. Hajiya, in na fahimci tambayarki, ƙaramar hukumar da kike zaune a ƙarƙashinta a Ingila ta ƙara harajin gidaje, sannan ta ce baƙin kwandon shara, wato wanda ake zuba sharar da ba a sake sarrafawa a cikinsa, daga yanzu sai bayan mako biyu za a riƙa kwashe shi, ga kuma ma'aikatan shara suna barazanar yajin aiki. Kina son sanin laifin wane ne, da kuma ko za ki iya riƙe harajinki har sai an gyara.

Bari in fara da maganar riƙe haraji, don ita ce mai jefa mutum cikin wahala. Don Allah kada ki daina biya. A dokar Ingila harajin gidaje ba ladan kwashe shara ba ne, saboda haka ko an yi wata guda ba a taɓa kwandonki ba, bashin yana nan a kanki. Idan wata ya wuce ba ki biya ba za a aiko da takardar tuni mai wa'adin kwana 7. Idan aka yi shiru, damar biya wata-wata ta faɗi, a nemi kuɗin shekarar gaba ɗaya, daga nan sai kotun majistare, a ɗora miki kuɗin shari'a. Akwai hanyar ƙorafi, zan zo kanta.

Game da laifi, ruwa ba ya tsami banza. Ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya ƙiyasta cewa tallafin da gwamnatin tsakiya ke bai wa ƙananan hukumomin Ingila ya ragu da kusan rabi tsakanin 2010 da 2018, idan aka yi la'akari da tsadar kaya. A daidai lokacin kuma ɗawainiyar da doka ta wajabta musu sai ƙaruwa take yi: kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman, kula da yaran da aka karɓa daga hannun iyayensu, sama wa marasa muhalli wurin kwana. A hukumomin da ke riƙe da waɗannan ayyuka, su ne ke cinye mafi yawan kasafin. Harajin gidaje kuma ba a sake musu mara a kansa ba. A 'yan shekarun nan iyakar ƙarin da irin waɗannan hukumomi za su yi ba tare da kuri'ar jin ra'ayin jama'a ba shi ne kashi 4.99 cikin 100, kuma kashi 2 daga ciki an keɓe shi ga kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Doka ta hana su zartar da kasafi mai giɓi. To in kansiloli suka zauna neman inda za su datse, abin da ke gabansu kaɗan ne: ɗakunan karatu, fitilun titi, wuraren shaƙatawa, sai shara. Dokar kare muhalli ta 1990 ta tilasta musu kwashe sharar gida, amma ba ta ce kowane mako ba, kuma ta ba su ikon faɗin irin kwandon da za a yi amfani da shi da girmansa. Ta wannan ƙofar ake shiga.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki duba, domin a nan ake gane ko hukumarku ta yi lissafi ko kuwa kame-kame take yi. Kuɗin shara kashi biyu ne: na kwashewa da na zubarwa.

Na kwashewa shi ne mota da mutane. Motar da aka saba gani mai matse shara nauyinta da kaya tan 26 ne, sharar da take ɗauka kuwa ba ta wuce tan 10 zuwa 11 ba. Direba ɗaya, masu lodi biyu. A unguwa mai gidaje a jere sukan zaga gida dubu ko fiye a rana, su je su juye sau ɗaya ko biyu. Motar takan yi kamar shekara 7 kafin gyaranta ya fi amfaninta. Ga misali na lissafi kawai: gari mai gida 100,000, kowace mota tana yin gida 1,250 a rana, kwana 5 a mako, wato gida 6,250. Kin ga ana buƙatar mota 16. Wanda ke zaune a ofis zai ce in an koma mako biyu, mota 8 ta isa. Ba ta isa ba. Kwandon da ya yi mako biyu ya fi nauyi, motar tana cika da wuri, zuwa wurin juyewa yana ƙaruwa, kuma kowane zuwa da dawowa na iya cin awa guda. Sai ki ga gida 1,000 ake iya yi a rana, a kwana 10 gida 10,000, ana buƙatar mota 10. An rage 6, ba 8 ba. Hukumar da ta rubuta 8 a kasafinta, tun watan farko za ta fara biyan kuɗin ƙarin lokaci da hayar mota da ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, sannan tituna na ƙarshen zagaye su riƙa kwana da shararsu. Idan kullum titi ɗaya ne ake tsallakewa, kuma da yamma ne ya kamata a iso shi, to an yi wa zagayen lodi fiye da ƙima, ba lalacin ma'aikata ba ne.

Na zubarwa kuma ana biyansa ne a kan kowane tan. Harajin binne shara ya fara a 1996 a kan fam 7 kowane tan, a Afrilun 2025 ya kai fam 126.15, ban da kuɗin da mai filin zai karɓa. Ƙonawa a tashar samar da lantarki ma ba arha ba ce. Saboda haka babbar ribar rage zuwan mota ita ce mutane su rage abin da suke jefawa a baƙin kwando, su karkata shi zuwa kwandon kayan da ake sake sarrafawa. Wannan yana faruwa, amma da sharaɗi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikin baƙin kwando ragowar abinci ne, kuma shi ne mai wari, shi ne mai kawo ƙuda da tsutsa da ɓera. In ba a raba wa gidaje ƙaramin bokitin abinci mai lita 23 ana kwashe shi kowane mako ba, to mako biyu a lokacin zafi azaba ce. Kuma in baƙin kwando ya cika, mutane sai su cusa ƙunzugun yara da ledar abinci a cikin na sake sarrafawa. A wurin tacewa, lodi guda in ƙazantarsa ta yi yawa ana iya ƙin karɓarsa, a mayar da shi wurin ƙonawa, hukuma ta biya sau biyu. Gwamnati ta sa 31 ga Maris 2026 a matsayin wa'adin da ƙananan hukumomin Ingila za su riƙa kwashe ragowar abinci kowane mako, ban da 'yan kaɗan da aka ɗaga wa ƙafa saboda tsohuwar kwangila. To tambayar farko da za ki yi wa kansilanku ita ce: bokitin abinci zai riga sauyin isowa, ko sai bayansa? A ganina duk hukumar da ta rage zuwan mota kafin ta raba bokitin ta zalunci jama'arta, ko da lissafinta na kuɗi daidai ne.

Akwai wani abu da ke ƙara dagula siyasar. A yankuna da yawa hukuma biyu ce: ta gunduma ita ke kwashewa, babbar ta lardi ita ke zubarwa. Ta gunduma ce za ta sayi kwanduna da sababbin motoci ta sha zagi, ragin kuɗin zubarwa kuma ya faɗa aljihun ta lardi. In jam'iyyu daban ne ke riƙe da su, sai ki ga shekara ta wuce ana jifan juna da takardu.

Kuma shara ita ce aikin da kowane gida ke gani da idonsa, shi ya sa take da daɗin kamfe. 'Yan adawa kan yi alkawarin dawo da kwashewar mako-mako gab da zaɓen watan Mayu, su hau, ma'aji ya nuna musu littafi, maganar ta mutu. Har gwamnatin tsakiya ta gwada: a 2011 minista Eric Pickles ya ware fam miliyan 250 don a dawo da mako-mako, amma akalar ba ta juya ba. Zuwa 2014 ma ƙaramar hukumar Bury ta koma kwashewa bayan mako uku. Duk wanda ya yi miki wannan alkawari, ki ce ya faɗi abin da zai rufe don ya biya.

Batun yajin aiki kuwa, Birmingham ce darasin da kowa ke kallo. Tushensa shari'ar daidaita albashi ce. Shekara da shekaru masu kwashe shara, waɗanda galibinsu maza ne, suna samun alawus da sassaucin da mata masu aikin da aka auna daidai da nasu, irin su masu dafa abinci a makarantu da masu shara da masu kula da tsofaffi, ba sa samu. Matan suka kai ƙara suka yi nasara. A Satumban 2023 hukumar ta fitar da sanarwar sashe na 114, wadda ma'ajin hukuma ke fitarwa idan kuɗin shiga ba zai rufe na fita ba, tana cewa bashin daidaita albashin zai iya kai fam miliyan 760. Gwamnati ta turo kwamishinoni, aka ƙara harajin gidaje da kashi 9.99 a 2024, da kashi 7.49 a 2025. Sai hukumar ta ce za ta soke wani muƙami a cikin ma'aikatan kowace mota, wanda aka ƙirƙiro don sasanta yajin aikin 2017. Ƙungiyar ƙwadago ta Unite ta ce muƙamin na kare lafiyar ma'aikata ne, kuma mutum kusan 150 za su yi asarar har fam 8,000 a shekara. Hukumar ta musanta, ta ce mutum 17 ne asararsu za ta kai wajen fam 6,000. Aka fara yaji jefi-jefi a Janairun 2025, aka tsunduma gaba ɗaya ranar 11 ga Maris, zuwa ƙarshen watan hukumar ta ayyana yanayin gaggawa da shara kimanin tan 17,000 jibge a tituna.

In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Mai lodin da ke fita tun duhun asuba, yana jan kwanduna ɗaruruwa cikin sanyi a bayan mota mai injin matsewa, in aka ce za a zaftare masa dubban fam ba za a ce ya yi shiru ba. Ita kuma hukumar, duk abin da ta ƙara wa masu kwashe shara ba ta ƙara wa matan da ke mataki ɗaya da su ba, ta buɗe wa kanta sabuwar shari'a. Wannan ne ya sa irin rikicin ke daɗewa, don kuɗin da ake jayayya a kansa a fili ƙanƙane ne a kan wanda ake tsoro a ɓoye. Masu laifin na asali su ne shugabannin da suka riƙa sayen zaman lafiya da alawus na bayan fage suna barin wa na baya bashin. A hukumarku ki bincika ko rigimar ta ƙarin albashi ce kawai, wadda akan sasanta cikin makonni, ko ta sauya matakin albashi da rage yawan mutanen mota ce. Ta biyun ita ce mai tsawo. Ki kuma duba ko ma'aikatan na hukuma ne ko na ɗan kwangila, don in na ɗan kwangila ne, da kamfanin ake jayayya, hukuma sai dai ta cire masa tara bisa abin da kwangila ta tanada.

Abin da za ki iya yi yanzu: in an tsallake kwandonki, ki shigar da rahoto a shafin intanet na hukumar a ranar ko washegari, don yawancinsu ba sa komawa in an wuce kwana ɗaya ko biyu. Ki ajiye lambar rahoton da hoto mai kwanan wata. Ki tabbata murfin ya rufe ruf, kuma babu leda a gefe, don waɗannan ne dalilan da aka fi kafawa na ƙin ɗauka. In abin ya yi ta maimaituwa, ki rubuta ƙorafi a hukumance, ki bi matakansa har ƙarshe, sannan ki kai wa ofishin mai sauraron koke-koken ƙananan hukumomi, wanda kyauta ne, amma yana so a zo masa cikin wata 12. In gidanku mutum biyar ne ko shida, ko akwai jarirai masu ƙunzugu, ko mara lafiya, ki nemi babban kwando, yawancin hukumomi suna bayarwa amma sai an tambaya. Tsoho ko wanda ba ya iya jan kwando yana da damar a shigo a ɗaukar masa. In an shiga yaji, ragowar abinci ki ƙulle shi a leda biyu, kwali da kwalba ki wanke ki tara a cikin gida, sauran ki kai cibiyar karɓar shara ta hukuma. Masu zuwa da ƙaramar mota suna cewa a ba su kuɗi su kwashe, ki nemi lambar rajistarsu ta hukumar kula da muhalli ki duba ta, domin in suka zubar a bakin hanya aka tsinci takarda mai adireshinki, tarar da za a iya ci miki ta kai fam 600.

In kuma sauyin kansa kike son a taɓa, lokacinsa ne abin lura. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Afrilu, ana fitar da daftarin kasafi don jin ra'ayi wajen Disamba ko Janairu, cikakken zaman majalisa yana zartar da shi a Fabrairu ko farkon Maris. Takardun zama dole a wallafa su kwana 5 na aiki kafin ranar, kuma kowa na iya karantawa. Ki nemi rahoton sashen shara, ki duba mota nawa aka ce za a rage, tan nawa ake sa ran zai ragu, nawa aka ware wa sayen kwanduna da wayar da kan jama'a, da abin da aka tanadar wa gidajen bene da gidajen haya masu mutane da yawa, don a nan tsarin ya fi rushewa. Ku haɗu ku biyar ko goma daga titinku ku je ranar da kansila ke ganawa da jama'a, ku tafi da waɗannan tambayoyin a rubuce, ku nemi amsa a rubuce.