Filin Tambaya da Amsa: Masu karatu sun raba min hankali, ta ina zan fara gyaran littafina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara. Na gama rubuta labarina na farko a waya, kullum ina sakin feji ɗaya a guruf ɗinmu na WhatsApp har Allah yasa na kai ƙarshe, yanzu inaso in buga shi ya zama littafi amma da na koma karantawa daga farko wallahi sai naji kamar ba ni na rubuta ba. Tun farko niyyata jarumar ta koma gidan mijinta bayan ya saketa, sai masu karatu suka taso min wai in ta koma sun daina karantawa, na canza na aurar da ita ga wani, yanzu kuma wasu na cewa na ɓata labarin. Wata ma tace auren bai ɗauru ba tunda bata gama idda ba. Na rasa maganar wa zan ɗauka. Daga ƙanwarki a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da kammalawa, don da yawa suna farawa su watsar a tsakiya.

Bari in fara da mai maganar idda, ita ce ta fi kowa yi miki alheri a guruf ɗin nan, ki neme ta ki yi mata godiya. Koma ki ƙirga kwanakin labarinki. In an saki jarumar ana saura sati biyu azumi sannan kika ɗaura mata aure da ƙaramar sallah, to kin ga wata ɗaya da rabi kenan, kuma kowace mace da ta ɗauki littafin sai ta tsaya a wurin ta yi lissafi, daga nan ta daina yarda da ke har ƙarshen labari. In mai ciki ce sai ta haihu, in takaba ce wata huɗu da kwana goma. Irin wannan gyara ba a musu a kansa. Haka in nas ta ce miki ba a yi wa mai ciwo kaza irin allurar da kika rubuta, ko wani ya ce ba haka ake zaman khul'i a kotu ba, je ki tambayi masu abin ki gyara.

Maganar ta koma ko kar ta koma kuwa daban ce, kuma nan ne nake ganin kika yi sake. Masu karatu sun ji zafin mijin nan ne shi ya sa suka yi miki caa, wannan kuwa alama ce rubutunki ya kama su. Amma mara lafiya inda ke masa ciwo ya sani, ba shi ke rubuta wa kansa magani ba. Da suka ce kar ta koma, abin da suke gaya miki a zahiri shi ne ba su ga abin da mutumin ya yi da ya cancanci a yafe masa ba, to aikin da ya kamace ki a lokacin shi ne ki zauna ki nuna nadamarsa, ko ki nuna abin da ya danne ta, 'ya'ya ne, matsin iyaye ne, rashin inda za ta zauna ne, sai kika ɗauko sabon miji daga sama kika jefo. Shi ya sa rabin farko ke tafiya gabas rabin ƙarshe yamma, shi ya sa kuma kike jin kamar ba ke kika rubuta ba.

Ba a kanki aka fara ba. Marubutan Kano na shekarun 1990, irin 'yan ƙungiyar Raina Kama, kashi-kashi suke fitar da littafi, na ɗaya ya shiga kasuwa kafin na biyu, masu karatu na aiko musu wasiƙu. Bambancin kawai wasiƙa sai ta yi kwanaki a hanya, ke kuwa minti biyar da sakin feji an cika miki waya, ba ki samu sararin yin tunani ba.

Yanzu ki ajiye labarin kamar wata guda kar ki buɗe shi. In kin dawo ki je shagon kwamfuta a fitar miki da shi a takarda, don ido yana tsallake kuskure a fuskar waya, ki samu jan biro da littafin makaranta guda, kowane mutum a labarin ki ba shi shafinsa: sunansa, shekarunsa, garinsu, me ya haɗa shi da jaruma. Za ki sha mamaki, sai ki tarar yarinyar da kika ce tana aji uku an yi shekara huɗu tana nan a aji uku, ko goggon da kika kashe ta dawo tana rabon alawa a wajen suna. Karatun farko kar ki taɓa kalma ko ɗaya, tambaya ɗaya za ki riƙe, wane ƙarshe ne labarin nan yake nema tun daga shafin farko. In kin yanke, duk babin da ba ya kai ki can ki cire shi ko da shi ne wanda aka fi yaba miki. Na san da ciwo. Sai a zagaye na ƙarshe ki bi ƙa'idojin rubutu, ki raba kalmomi irin su "na yi" da "ta ce" kar ki haɗe su, ki sa wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, don baki daban baƙi daban. Hirarrakin kuma ki karanta su da ƙarfi a ɗaki, duk inda harshenki ya sarƙe to mutum ba ya magana haka.

Sannan kar ki mayar da shi guruf. Mutum uku sun isa, a cikinsu a samu wanda bai taɓa karanta labarin ba kuma ba ya jin nauyinki.

TAMBAYA: Anti ni daga Maraɗi nake, masu karatuna na Najeriya suna cewa Hausata ba daidai ba ce, in canza?

AMSA: Ƙanena Hausarka lafiya lau take, kari ne kawai ya bambanta. Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, to bayanin marubuci ka yi shi da ita saboda littafin ya yi nisa, amma in tsohuwa 'yar Maraɗi ta buɗe baki a labarinka bar ta ta ce "shina zuwa", ta ce "ɗiyata", kar ka mayar da ita Bakanuwa. Ko harafin ƴ da kuke rubutawa mu muke sa 'y, ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai daga farkon littafi har ƙarshe.