Awon ciki a Landan: kada ki jira sai ya yi ƙwari

'Yar'uwa, kin ce cikinki sati 8, kina gabashin Landan, na fari bakwaini kika haifa, kuma surukarki ta ce ki bari ya yi ƙwari kafin ki fara awo. Ki je a satin nan. A Ingila ana son zaman farko da ungozoma kafin sati 10, kuma kina iya cike fom ɗin asibitin haihuwa da kanki ta intanet. Idan Turancin bai zauna ba, ki nemi tafinta, kyauta ne a NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta gwamnati.

Na matsa ne domin wadda ta taɓa haihuwa kafin sati 37 ta fi fuskantar maimaitawa, kuma kulawar tun farkon ciki ake fara ta: gwajin jinin sikila, asfirin daga sati 12 ga mai haɗarin hawan jini, da auna tsawon bakin mahaifa tsakanin sati 16 da 24. Ƙanwata kunya ta hana ta zuwa sai da ta shiga wata shida. Ranar da na raka ta, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, jini ya hau, daga baya aka ciro yaron a sati 33. Yana nan lafiya, alhamdulillahi, amma ya daɗe a kwalba. In surukarki bakin mutane take tsoro, ki kwantar mata da hankali, ungozoma ba ta fitar da sirri. Ki tafi da takardun haihuwarki ta farko.