Tambayoyinku: hoton sikani a WhatsApp da sauran rigingimu

Tambaya: Asibiti sun ba ni sikanin mahaifiyata a faifan CD, laptop ɗina kuma ba ta da wajen sakawa.

Sayi ƙaramin CD drive na USB, ko a kwafa maka a filash. Fulda gaba ɗaya za a kwafa, ba fayil ɗaya da ya yi maka kama da hoto ba.

Tambaya: Yayana na da limfoma, kansar kaluluwa. An yi masa sikanin PET a Masar kafin kemo (maganin kansa), bayan zagaye biyu aka sake a wani asibiti. Na ɗauki hoton duka biyun da waya na tura wa likita, ya ce ba zai iya kwatantawa ba. Kyamarata ce?

Allah ya ba shi lafiya Malama, amma ko iPhone ɗin jiya kika saya likitan nan na da gaskiya. Injin PET ba kyamara ba ne, ƙirga hasken da ke fitowa daga sigan da aka yi wa mara lafiya allurarsa yake yi, sannan manhaja ta yi lissafi ta gina hoton, kuma hanyar lissafin ba ɗaya ba ce. Akwai OSEM da aka saba da shi, akwai sabon ƙarin da ake ce wa PSF da Q.Clear na kamfanin GE masu fito da ƙananan abubuwa tar. To nan matsalar take, don a limfoma ana amfani da ma'aunin Deauville, 1 zuwa 5, ana gwada hasken kaluluwa da na hanta, in ya ɗan fi na hanta maki 4 kenan. Sabon lissafin yakan ɗaga hasken ƙaramar kaluluwa, hanta kuwa babba ce kusan ba ta motsi, sai mutum ɗaya rana ɗaya ya samu 3 a wannan lissafi 4 a wancan, kuma a nau'in Hodgkin bayan zagaye biyu wannan tazarar na iya sa a ƙara masa ƙarfin magani. Shi ya sa Turai suka fito da tsarin EARL don injuna su riƙa magana da baki ɗaya.

Ke kuma kin ɗauki hoton sikirin, WhatsApp ya matse shi, lambobin SUV (ma'aunin ƙarfin hasken) da bayanin lissafin da aka yi duk sun tsaya a fayil ɗin DICOM, wato asalin fayil ɗin sikanin da ke cikin faifan asibiti. Haba jama'a! Ki yi zif ɗin fuldar ki ɗora a Google Drive ki tura masa link, sikani na gaba kuma in da hali a koma injin farko. Hukunci na likita ne, ni nawa fayil ne.

Tambaya: Fayilolin sikanin sun ƙi buɗuwa a Windows.

Ba za su buɗu ba ai. Sauke Weasis, manhajar buɗe fayilolin DICOM, kyauta ce.