Tambaya da Amsa: Me Mai Lambu Zai Samu a Taron Masu Noma Ba da Sinadari Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai lambu ne a wajen Zariya, ina noman latas, kabeji, karas da tumatir da rani. An gayyace mu wani taro da zai haɗa manoman da ba sa amfani da takin zamani da maganin feshi, da masu lambu, da masu sayen kayan miya daga cikin gari. Abokan sana'ata sun ce ɓata lokaci ne, tunda da takin gida kakanninmu suka yi noma kuma ba wanda ya kira su taro. Shin in bar lambuna yini guda in je?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka je, kuma kada ka je hannu rabbana. Ka ɗauki kwandon kayan lambunka ka tafi da shi.

Abokanka suna da gaskiya ta wani ɓangaren. Tun kafin a san buhun takin zamani, manoman kewayen Kano suna kwaso taki daga cikin birni a kan jakuna, ana gayyatar Fulani su zauna da shanunsu a gona bayan girbi, ana kuma barin gawo a tsakiyar gona saboda yana zubar da ganye da damina, ya ƙara wa ƙasa ƙarfi ba tare da ya tare wa gero rana ba. Sai dai kakanninmu ba su da buƙatar gamsar da kowa, domin a zamaninsu babu kwalbar guba a kasuwa. A yau matar da ta tsaya gaban tirenka ba ta da hanyar gane latas ɗin da aka yi wa feshi jiya da wanda ba a taɓa yi wa ba, alhali ɗanye za ta yanka wa 'ya'yanta.

Tsoron nata yana da tushe. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari na dichlorvos da aka riƙa samu a cikinsa, wanda ya zarce ƙa'idarsu ta miligiram 0.01 a kowane kilo. A 2016 kuma, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kaduna da Kano, mutane da yawa sun koma feshi ba ji ba gani. Na taɓa tsayawa a wata fadama da yamma ina kallon wani matashi yana feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, washegari da asuba kuma aka tsinke tumatirin aka loda a mota. Ban ga mugunta a fuskarsa ba. Ba a taɓa gaya masa cewa kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a yi tsinka ba, kuma wannan ya fi komai damuna.

Irin taron nan ba baƙon abu ba ne. An kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan noma, IFOAM, a Faransa a 1972, an kuma yi babban taronsu na Afirka a Kampala a 2009, a Lusaka a 2012, sannan a Legas a 2015. Abin da nake so ka kasa kunne a kansa shi ne maganar shaida, wato abin da zai tabbatar wa mai saye cewa ba da sinadari aka noma kayan ba. Takardar da kamfanonin waje ke bayarwa ta fi ƙarfin aljihun mai ƙaramin lambu, shi ya sa aka fito da tsarin shaidar haɗin gwiwa, wanda gwamnatocin Brazil da Indiya suka amince da shi a hukumance. Manoma ne da masu saye suke haɗuwa su rubuta ƙa'idojinsu, kowane manomi ya ɗauki alkawari, sannan a riƙa zagayawa gonakin juna ana duba taki da iri da ruwa da ɗakin ajiya. Gani ya kori ji: wadda ta taka ƙafarta cikin lambunka ta ga ramin takinka ba za ta sake tambayar dillali daga ina kayan suka fito ba.

Amma kada wani ya ruɗe ka da cewa farashi zai ninka a kakar farko. Rashin kuɗin sayen takin zamani bai mayar da lambu na wannan tsari ba. Aiki ne da ake yi da niyya, kuma a ƙa'idar Turai sai gona ta yi shekara 2 ba sinadari kafin a karɓi kayan lambunta a matsayin waɗanda aka noma ba da sinadari ba. A wannan tsakanin amfani yana iya raguwa, cirar ciyawa kuma tana ƙaruwa. Kashin kaji ɗanye yana ƙona shuka, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta, don haka sai an tara shi ya ruɓe sosai. Ruwan ban-ruwa ma abin dubawa ne, domin lambun da ake shayarwa da ruwan kwatami ko na masana'anta bai tsira ba, ko da ba a taɓa yi masa feshi ba.

In ka isa, ka nemi dattawan da suka daɗe a harkar su nuna maka yadda suke daka 'ya'yan darbejiya, su jiƙa su kwana, su tace, su fesa da yamma, da irin ƙwarin da hakan bai yi wa komai. Masu saye kuwa ka tambaye su kwando nawa za su iya ɗauka a kowane mako, da wanda zai biya kuɗin mota, da ko za su karɓi kabejin da tsutsa ta ɗan huda ganyensa na waje. Ka rubuta amsoshin a takarda, ka kuma sa musu ranar da za su zo lambunka kafin ku rabu.