Amsa: Ta ina zan fara haɗa tarihin Kakanmu?

Ɗan'uwa ka ce Kakanku ya yi yaƙin basasa, ya dawo ya shiga aikin ɗan sanda, yanzu ya rasu kana son haɗa tarihinsa. Allah ya jiƙansa. Ni dai shawarata ka fara da tsofaffin da suka rage, takardu su biyo baya. Ɗauki wayarka ka je wajen iyalinsa da abokansa na majalisa, ka danna rikodin ka bar su su yi ta zuba, kar ka katse su ko da sun saki hanya sun koma labarin farashin gero. Daga baya sai ka buɗe akwatin ƙarfensa ka nemo takardar sallama da lambarsa ta soja, da ita za ka tunkari ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji.

Dalilina, yaƙin nan an fara shi 1967 aka gama Janairun 1970, wanda ya shiga yana ɗan ashirin yau ya haura saba'in da biyar. Mu a ƙauyenmu wajen Ringim haka muka yi sake da tarihin Baffa, kullum sai bayan girbi sai bayan sallah, har tsohon da suka yi yaƙin tare a garin Asaba ya kwanta dama. Da muka buɗe akwatin kuma gara ta cinye rabin hotonsa, sai hula da bel da lambar girma ɗaya da ba wanda ya san ta mece ce, har Inna kuwa.