Amsa: Harajin albashi a Legas ya fi na Kano ne?

Malam, ka ce an maido ka Legas daga Kano, kana tsoron a ƙara yankar maka haraji a albashi. Ba za a ƙara ba. Dokar harajin albashi ta tarayya ce, kaso iri ɗaya ne a kowace jiha. Sai dai yanzu LIRS, hukumar tara haraji ta jihar Legas, ita ce za ta karɓa, tunda inda mutum yake zaune ake biya. VAT ma, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, kashi 7.5 ne ko'ina.

Inda Legas ta bambanta shi ne ba ta wasa da karɓa. A gidan da nake haya a Agege, duk shekara sai an manna takardar Land Use Charge, wato harajin fili da gida, a bakin ƙofa, mai gida kuma ya lallaɓa ya ɗora mana a kuɗin haya. Wallahi ka tambayi wannan kafin ka kama ɗaki.