Allurar da ba magani a cikinta, tana maganin ciwon wuya?

Tambaya: Salam Likita, ni tela ne, wata biyar kenan wuyana ke ciwo ta gefen dama har ya sauko kafaɗa, na sha fanadol na shafa man zafi har ƙaho wanzami ya yi min amma kwana biyu ciwon ya dawo. Yanzu wata mai fisiyo, wato masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti, ta ce za ta yi min wai dirai nidilin, allura ce ba magani a ciki, to don Allah me za ta tsinana min? Ba cin kuɗi ba ne kuwa? Wani tela daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam malam tela. Ba cin kuɗi ba ne, amma kar ka ɗora wa allurar duk buri. Sa yatsa ka danna tsokar da ke tsakanin wuyanka da kafaɗa, in ka ji wani ɗan ƙulli mai tauri kamar ƙwayar wake wanda in an matsa zafin ke harbawa har ƙeya, to shi ake nema. Allurar siririya ce sosai, irin wadda 'yan Sin ke amfani da ita, ana soka ta cikin ƙullin sai tsokar ta yi zillo sannan ta saki. Tun 1979 wani likita ɗan ƙasar Cek da ke Turai, Karel Lewit, ya rubuta cewa sukar kanta ke rage zafin ko da ba a zuba komai ba.

Sauƙin dai yawanci na ɗan lokaci ne, in ka koma ka duƙa kan keke tun safe har isha'i ƙullin zai dawo abinsa, shi ya sa ake haɗawa da motsa wuya da gyara kujera. Wurin zai yi tsami kwana ɗaya ko biyu, wani ma har ya ɗan tara jini. Abin da nake jin tsoro ɗaya ne, saman huhu na nan kusa da kafaɗa, wanda bai ƙware ba zai iya huda shi, don haka ban da ɗan kemis, ban da wanzami, kuma sabuwar allura a ɓare ta a gabanka. In kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ka faɗa wa mai fisiyon tukuna.

In kuwa hannunka na mutuwa ko yana sakin almakashi, ko wuyan ya sanƙare ga zazzaɓi da ciwon kai, musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo, ka bar zancen allura ka wuce asibiti a ranar.